In Kamfani Biyu Suka Haɗe, Wane Ne Na Gaba?

Duk lokacin da aka ba da sanarwar cewa wasu manyan kamfanoni biyu za su haɗe su zama ɗaya, abin da jaridu kan fi mayar da hankali a kai shi ne yawan kuɗin cinikin, da wanda zai zama shugaba, da kuma sunan da sabon kamfanin zai ɗauka. Da wuya ka ji an tambayi yadda za a yi da jerin sunayen ma'aikata guda biyu, waɗanda tilas a narkar da su su koma jeri ɗaya, wani ya hau sama, wani ya gangaro ƙasa. Alhali kuwa a nan ne rikicin da ya fi daɗewa kan ɓarke, domin masu hannun jari sukan gama rabonsu cikin 'yan watanni su watse, su bar ma'aikata suna maka juna kotu shekara da shekaru. Babu inda wannan al'amari ya fi fitowa fili kamar a tsakanin matuƙan jiragen sama na ƙasar Amurka. Labarinsu nake so in warware wa mai karatu a yau, saboda darasin da ke cikinsa ya shafi duk wanda ke cin abinci da albashi.

A manyan kamfanonin jiragen sama na Amurka, ranar da aka ɗauki matuƙi aiki akan ba shi lamba, wadda ke nuna gurbinsa a jerin dukkan matuƙan kamfanin. Wanda ya riga shi shiga, ko da da kwana ɗaya ne, yana gabansa, kuma zai ci gaba da zama a gabansa har ɗayansu ya bar aiki. Wannan lamba ce ke yanke kusan komai a rayuwar matuƙi. Ita ke nuna ko ƙaramin jirgi mai zirga-zirgar cikin gida zai tuƙa ko babba mai ƙetare teku, wanda albashinsa ya fi tsoka. Ita ke nuna lokacin da zai tashi daga kujerar dama ta mataimaki ya koma kujerar hagu ta kyaftin, da garin da zai zauna, da ranakun da zai kwana a gida tare da iyalinsa. Idan kuma kasuwa ta lalace kamfani ya ƙudura rage ma'aikata, daga ƙasan jeri ake farawa, a tura mutum hutun dole ba albashi, sai al'amura sun gyaru a riƙa kiran su ɗaya bayan ɗaya bisa lambobinsu.

Ƙungiyoyin matuƙa ne da kansu suka yi fafutukar kafa wannan tsari, kuma suna da hujja mai ƙarfi. Kyaftin ɗin da ya ƙi tashi saboda hadari ya haɗu, ko saboda bai gamsu da lafiyar inji ba, ba ya tsoron wani manaja zai ƙullace shi ya danne masa ƙarin girma, tunda ƙarin girman ba a hannun manajan yake ba. Tsarin ya toshe ƙofar son kai da ta wa-ka-sani. Sai dai yana da babban aibi guda, wato lambar ba ta bin mai ita zuwa wani kamfani. Lokacin da kamfanonin Eastern da Pan Am suka durƙushe a 1991, da yawa daga cikin kyaftin-kyaftin ɗinsu da suka yi shekara ashirin ko fiye suna tuƙi, in ma sun yi sa'ar samun wani aikin, sai da suka koma ƙasan jeri a bayan sa'o'in 'ya'yansu. Ga kuma dokar ritaya, wadda ta tsaya a shekara 60 har zuwa ƙarshen 2007 da aka ɗaga ta zuwa 65. Ke nan shekarun da matuƙi zai yi a saman jeri ƙidayayyu ne, kuma duk matakin da aka mayar da shi baya asara ce da ba zai taɓa mayarwa ba.

Kalma ɗaya, ma'ana uku

A matsayina na mai nazarin harshe, abin da ya fi jan hankalina a wannan rikici shi ne cewa a kan ma'anar kalma guda ake yin sa. Kalmar da Amurkawa ke kiran tsarin da ita, mu za mu iya fassara ta da “daɗewa a aiki” ko “girma a aiki”. Muddin kamfani ɗaya ne, ma'anarta ɗaya ce, babu mai gardama. Da zarar an haɗa kamfani biyu sai ta tsage gida uku. Wani zai ce daɗewa ita ce ranar da aka ɗauke shi aiki. Wani zai ce a'a, shekarun da mutum ya yi yana tuƙi a zahiri ne abin ƙirgawa, ban da waɗanda ya yi a zaune a gida yana hutun dole. Na uku kuma zai ce abin dubawa shi ne kujerar da kowa ke kai a ranar haɗewa, da abin da yake sa ran samu da ba a yi haɗewar ba.

A ɗauka ga wani matuƙi da ya shekara 17 a tsohon kamfanin da ke ta raguwa, har yanzu mataimaki ne a kusa da ƙasan jeri. Ga wani kuma da ya shekara 8 kacal a sabon kamfanin da ke bunƙasa, amma tuni ya zama kyaftin. Wane ne babba a cikinsu? Bahaushe ya daɗe da sanin cewa girma ba iri ɗaya ba ne, akwai na shekaru, akwai na kujera, shi ya sa dattijo mai furfura kan tuɓe takalmi a gaban saurayin da aka naɗa wa rawani. Kowane ɗaya daga cikin matuƙan nan biyu yana da gaskiya a bisa ma'anar da ya riƙe, kuma ba abin mamaki ba ne cewa kowa ma'anar da za ta ɗaga shi sama yake riƙewa.

Ita kanta dokar Amurka ba ta raba wannan gardama ba. A 1972, lokacin da kamfanin Allegheny ya haɗe da Mohawk, hukumar da ke kula da harkar jiragen fasinja a wancan zamani ta gindaya sharuɗɗan kare ma'aikata, waɗanda suka zama abin koyi daga baya. Biyu daga cikinsu su ne ginshiƙi: a haɗa jerin ma'aikata bisa gaskiya da adalci, in kuma an kasa daidaitawa a kai maganar gaban mai sasanci wanda hukuncinsa zai hau kan kowa. Ba a fayyace mene ne gaskiya da adalcin ba, an bar wa mai sasanci ya auna. Amma ko wannan 'yar kariya ba ta ɗore ba. A 1978 gwamnati ta sakar wa kamfanonin jiragen sama mara, a ƙarshen 1984 aka rufe hukumar baki ɗaya, daga nan kariyar ma'aikaci ta koma abin da ƙungiyarsa ta iya rubutawa a yarjejeniyarta da kamfani.

Agololin TWA

Waɗanda suka ɗanɗana kuɗar wannan giɓi su ne ma'aikatan TWA, tsohon kamfani mai tarihi wanda cibiyarsa ke birnin St. Louis na jihar Missouri. A 2001 kamfanin ya karye, American Airlines ya zo sayen kadarorinsa, ya kuma kafa sharaɗin cewa sai matuƙan TWA sun yafe sassan yarjejeniyarsu da suka ba su damar kai batun jeri gaban mai sasanci. Da yake zaɓin da ke gabansu shi ne ko su yarda ko a rufe kamfanin kowa ya kama gabansa, sai suka yarda. Sakamakon haka, kamfanin American da ƙungiyar matuƙansa ne suka tsara jerin a tsakaninsu. Daga cikin matuƙan TWA kimanin 2,300, fiye da rabi aka jibge su a ƙasan jeri, a bayan matuƙin American mafi sabon shiga, sauran kuma aka tsittsinta su a tsakiya. Masu hidimar fasinja a cikin jirgi kuwa gaba ɗayansu aka mayar ƙasa, har da waɗanda suka shekara talatin a bakin aiki.

Ba a yi wata shida da kammala cinikin ba sai ga harin 11 ga Satumba, 2001. Kasuwar jiragen sama ta faɗi, aka shiga rage ma'aikata, kuma kamar yadda ƙa'ida ta tanada, daga ƙasa aka fara. Agola dai shi ne farkon fita in gida ya yi ƙunci. Matuƙan TWA suka kai ƙarar tsohuwar ƙungiyarsu ta ƙasa, wato ALPA, bisa zargin ba ta tsaya musu tsakani da Allah ba. A 2011 kotun tarayya ta ba su gaskiya, a 2014 aka sasanta a kan dala miliyan 53, shekara 13 bayan aikin gama ya gama. Abin alheri guda da ya fito daga wannan takaici shi ne dokar da sanatocin Missouri biyu, Claire McCaskill da Kit Bond, suka jagoranta a Disamban 2007, wadda ta dawo da waɗancan sharuɗɗa biyu na 1972 ta mayar da su tilas a duk haɗewar kamfanonin jiragen sama.

Gabas da Yamma

To amma samun mai sasanci kaɗai ba ya kashe wuta, kuma labarin US Airways ya isa shaida. A watan Satumba na 2005 wannan tsohon kamfani na gabashin Amurka, wanda ya shiga kotun karayar arziki sau biyu, a 2002 da 2004, ya haɗe da America West, matashin kamfani daga jihar Arizona da ya fara aiki a 1983. 'Yan gabas suna da matuƙa kimanin 5,100, amma kusan 1,700 daga cikinsu suna hutun dole. 'Yan yamma kuwa ba su wuce 1,900 ba, kuma dukkansu suna bakin aiki. Duka ɓangarorin biyu 'yan ƙungiyar ALPA ne, saboda haka suka bi ƙa'idarta: tattaunawa, in ta gagara a je ga mai sasanci, hukuncinsa kuma shi ne na ƙarshe.

'Yan gabas suka kafe a kan ranar ɗaukar aiki, abin da zai tura mafi yawan 'yan yamma can ƙasa. 'Yan yamma suka ce ai kamfanin gabas yana bakin kabari aka ceto shi, don haka wanda ba shi da aiki a ranar haɗewa ba zai tsallake wanda ke kan kujerarsa ba. A watan Mayu na 2007 mai sasanci George Nicolau, gogaggen dattijo a wannan fanni, ya yanke hukunci. Ya sa manyan 'yan gabas kimanin 500 a saman jeri saboda su ke tuƙa manyan jiragen ƙetare waɗanda 'yan yamma ba su da irinsu, ya gauraya na tsakiya gwargwadon matsayin kowa a jerinsa na asali, sannan ya sa waɗanda ke hutun dole a ƙasan kowa. Wato dai ma'ana ta uku ya fi rinjayarwa.

'Yan gabas suka ce ba su san zance ba. Da yake su ne masu rinjaye, a watan Afrilu na 2008 suka kaɗa ƙuri'ar ficewa daga ALPA, suka kafa sabuwar ƙungiya mai suna USAPA wadda ta rubuta ranar ɗaukar aiki a cikin tsarin mulkinta. Suka kuma gano wata kafa: sabon jerin ba zai fara aiki ba sai an ƙulla yarjejeniyar albashi guda ɗaya ga ɓangarorin biyu. Saboda haka aka ƙi ƙulla ta. Jirage suka sha fenti iri ɗaya, fasinja na sayen tikiti da suna ɗaya, amma matuƙin gabas ba ya zama kusa da na yamma a gaban jirgi. Da aka tashi rage matuƙa kusan 300 a 2008, fiye da rabinsu 'yan yamma ne, mutanen da hukuncin Nicolau zai kare da an yi aiki da shi.

Su ma 'yan gabas ba su tsira da komai ba, domin sun ci gaba da karɓar albashin da aka zaftare musu tun lokacin karayar kamfani. Mai karatu zai tuna da Kyaftin Chesley Sullenberger, wanda ya saukar da jirginsa a kan kogin Hudson na New York a ranar 15 ga Janairu, 2009, mutum 155 da ke ciki suka tsira da rayukansu. Matuƙin US Airways ne na ɓangaren gabas. Wata guda bayan haka ya shaida wa Majalisar Dokokin Amurka cewa an rage masa kashi 40 cikin 100 na albashinsa, an kuma soke tsarin fanshonsa. Haka aka yi ta ja-in-ja har US Airways ya haɗe da American a Disamban 2013. A 2015 kotun ɗaukaka ƙara ta yanke cewa USAPA ta tauye haƙƙin 'yan yamma da ya kamata ta wakilta, kuma sai a watan Satumba na 2016 aka samu jeri guda, shekara 11 bayan haɗewar farko.

A ganina 'yan gabas suna da ƙorafi na gaskiya, domin ba ƙaramin ciwo ba ne mutum ya shekara goma sha wani abu yana wa kamfani bauta, a wayi gari a jera shi da wanda bai daɗe da shigowa ba. Amma sun amince da mai sasanci tun kafin su san abin da zai faɗa, kuma alkawari kaya ne. Da suka yi amfani da yawansu suka yi wa 'yan'uwansu kashin dankali, wanda ya ci ribar faɗan shi ne kamfani, da ya shekara takwas yana biyan ɓangarorin biyu albashin da ke cikin mafi ƙanƙanta a tsakanin manyan kamfanonin ƙasar.

Waɗanda suka shafa wa gemunsu ruwa

Matuƙan Delta da na Northwest suna kallon duk wannan, shi ya sa da tasu haɗewar ta zo a 2008 suka sauya tsarin tafiyar. Su kimanin 12,000 ne in an haɗa. Suka fara ƙulla yarjejeniyar albashi guda ɗaya, mai ƙarin kuɗi da kaso na hannun jarin sabon kamfani, suka amince da ita a watan Agusta, tun kafin a kammala cinikin a watan Oktoba. Suka kuma amince tun da wuri cewa kwamitin masu sasanci uku ne zai tsara jeri, kuma ba a rataya aiki da hukuncinsa a kan wata ƙuri'a ta gaba ba. A watan Disamba aka fitar da jerin. An yi gunaguni, kamar yadda ba a rasawa, amma babu wanda ke da abin da zai yi garkuwa da shi, don haka aka wuce wurin. Abin da ya ci wa US Airways shekara 11 ya ci musu ƙasa da shekara guda.

Daga waɗannan labarai za a ga irin sassan da gogaggun ƙungiyoyi ke dagewa sai an rubuta a yarjejeniyar aiki tun ana zaman lafiya. Akwai sashen magaji, wanda ke cewa duk wanda ya sayi kamfanin ya gaji yarjejeniyar da ke kansa. Akwai sashen iyakar aiki, wanda ke hana kamfani kwashe jiragensa ya ba wasu matuƙa na waje masu arahar albashi. Akwai sashen da ke fayyace yadda za a haɗa jeri da wanda zai raba gardama. Sannan akwai abin da suke kira shinge, wato a hana ɓangare ɗaya hawa jiragen ɗayan na wasu shekaru, kuma kada a tayar da kowa daga kujerar da yake kai. Shi ma shingen in ya yi tsawo illa ne. Bayan haɗewar Northwest da Republic a 1986 an kafa wanda ya kai kimanin shekara 20, har matuƙan kamfani ɗaya suka riƙa kiran junansu 'yan jan littafi da 'yan koren littafi, gwargwadon launin bangon tsohuwar yarjejeniyar kowane ɓangare. Kuma kada a manta, kotun karayar arziki a Amurka tana da ikon warware yarjejeniyar aiki, wanda da wannan barazana ce aka tanƙwara matuƙan TWA. Ke nan takarda tana buƙatar doka a bayanta.

Matsalar ba ta Amurka kaɗai ba ce. A Indiya an haɗa Air India da Indian Airlines a 2007, amma a 2012 matuƙan tsohon Air India suka yi yajin aiki na kusan wata biyu a kan wane ɓangare ne zai samu horon tuƙa sabon jirgin Boeing 787. Mu ma a nan gida mun ga irin tamu, ko da yake a bankuna ne. A 2004 Babban Bankin Nijeriya a ƙarƙashin Farfesa Charles Soludo ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25, zuwa ƙarshen 2005 bankuna 89 suka koma 25. Unity Bank kaɗai bankuna tara ne suka narke a cikinsa, har da Bank of the North da duk ɗan Arewa ya sani. Ma'aikacin banki ba shi da lamba irin ta matuƙi, amma tambayar ɗaya ce: shin “manaja” a wannan banki daidai yake da “manaja” a wancan, kuma daga wace rana za a fara ƙirga shekarun aikin mutum in an zo biyan kuɗin sallama? A watan Maris na 2024 Babban Bankin ya sake ɗaga jarin, har zuwa naira biliyan 500 ga bankunan da ke da lasisin hulɗa da ƙasashen waje, abin da ya sake tayar da maganar haɗewa.

Don haka ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago, da lauyoyinsu, da ma kowane ma'aikaci da ke riƙe da takardar ɗaukar aiki, a buɗe takardun nan a karanta tun yanzu. A duba ko an rubuta cewa wanda ya sayi kamfani ya gaji alkawuransa. A duba ko an fayyace abin da ake nufi da shekarun aiki, da ranar da ake fara ƙirga su. A duba ko an ambaci wanda zai raba gardama, da kuma abin da zai hana mai rinjaye yin fatali da hukuncinsa. Lokacin da ya fi dacewa a daidaita a kan ma'anar waɗannan kalmomi shi ne lokacin da babu wanda ya san ko shi ne zai zama ɗan gida ko agola, domin a sannan ne kowa ke son ƙa'idar da za ta yi wa mai rauni adalci. Matuƙan TWA sun zo neman wannan kariya ne a ranar da kamfaninsu ke gaban kotun karayar arziki, masu iya magana kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.